Hutu Mara Iyaka: Yadda Haƙƙin Ma'aikaci Ke Komawa Alfarma

Idan kana bibiyar tallan guraben aiki na kamfanonin fasaha, musamman na Amurka, da wuya ba ka ci karo da wannan alkawari ba: ma'aikaci zai iya ɗaukar hutu ko kwana nawa yake so a shekara, kuma ba za a taɓa albashinsa ba. Babu kwana 15, babu kwana 20, babu mai ƙirga maka. A kunne dai abin da daɗi. Wa zai ƙi?

To amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Ra'ayina shi ne, yadda akasarin kamfanoni ke gudanar da wannan tsari, ya fi yi wa kamfani amfani fiye da ma'aikaci. Adadin kwanakin da aka goge daga takardar ɗaukar aiki shi ne shaidar da ma'aikaci ke riƙe da ita cewa yana bin kamfani wani abu. Da zarar an goge shi, hutu ya tashi daga haƙƙi ya koma alfarma. Shi haƙƙi karɓa ake yi, ita kuwa alfarma roƙa ake yi. Bari mu bi abin daki-daki.

Daga ina abin ya samo asali?

Kamfanin da ya fi yaɗa wannan tsari shi ne Netflix, wanda ya daina ƙirga wa ma'aikatan ofishinsa kwanakin hutu tun farkon shekarun 2000. Hujjarsu mai sauƙi ce: tunda ba a ƙirga awannin da mutum ke kwashewa yana amsa imel da daddare ko a ƙarshen mako, don me za a ƙirga ranakun da ya huta? A duba aikin da ya yi kawai. A 2014 Richard Branson ya kwaikwayi tsarin ga ma'aikatan babban ofishin Virgin. A 2022 bankin Goldman Sachs ya ba manyan jami'ansa irin wannan dama, sannan a watan Janairun 2023 Microsoft ya mayar da ma'aikatansa na Amurka masu tsayayyen albashi kan tsarin.

Akwai dalilin da ya sa Amurka ce cibiyar wannan abu. A can babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara mai albashi, ko da kwana ɗaya. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce mako huɗu ne mafi ƙaranci. A Birtaniya kwana 28 ne ga mai aiki kwana biyar a mako, Faransa kuwa mako biyar tun 1982. Ma'ana, idan kamfani a Landan ko Faris ya ce hutunsa ba iyaka, doka ta riga ta kafa wa ma'aikaci wani adadi da ba za a yi ƙasa da shi ba. A Amurka kuwa, idan aka cire adadin da ke cikin takardar aiki, a yawancin jihohi babu wani abin da ya rage a ƙarƙashinsa. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Me alƙaluma suka ce?

Masu sukar tsarin sun fi son kawo alƙaluman kamfanin Namely, mai sayar da manhajar kula da ma'aikata. Bayanansa na 2017 sun nuna masu hutu mara iyaka na ɗaukar kimanin kwana 13 a shekara, masu ƙayyadadden hutu kuma kwana 15. Sai dai kamfanin ya sake duba bayanansa a 2022, sakamakon ya juya: masu hutu mara iyaka kusan kwana 12, sauran kuma 11 da 'yan kai.

A matsayinmu na masu bincike, dole mu yi taka-tsantsan da irin waɗannan lambobi, har da waɗanda suka dace da ra'ayinmu. Ba gwaji aka yi ba, inda za a raba ma'aikata gida biyu ta hanyar ƙuri'a a ga abin da zai faru. An kwatanta kamfanoni ne daban-daban, masu ayyuka daban-daban da ma'aikata daban-daban. Kamfanin da ya zaɓi hutu mara iyaka yana iya kasancewa ƙaramin kamfani ne mai matasa da yawan aiki, wanda ko wane tsari aka kawo mutanensa ba za su huta sosai ba. Don haka ba daidai ba ne a ce tsarin shi ya rage kwana biyu a 2017, haka nan ba daidai ba ne a ce shi ya ƙara kwana ɗaya a 2022.

Amma akwai abu guda da duka lambobin biyu suka yarda a kai. An ce wa mutane ku ɗauki iya son ranku, sai ga shi sun tsaya a kwana 12 ko 13, wato ko rabin abin da doka ta ba ma'aikacin Birtaniya bai kai ba. Kenan iyaka tana nan, ba a rubuta ta ba ne kawai. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: wa ke kafa wannan iyakar da ba a gani?

Abu uku da ke riƙe hannun ma'aikaci

Na farko shi ne rashin wa'adi. A 2010 Suzanne Shu da Ayelet Gneezy sun wallafa wani gwaji mai ban sha'awa. Sun raba wa mutane takardar kyautar cin kek a wani shago. Wasu an ba su mako uku kafin takardar ta daina aiki, wasu kuma wata biyu. Hankali zai ce masu dogon lokaci za su fi amfani da ita, su ma kansu haka suka zata. Abin da ya faru: kashi 31 cikin 100 na masu mako uku sun je sun karɓa, masu wata biyu kuwa kashi 6 kacal. Ɗan Adam yana ɗage har abin da yake jin daɗinsa, matuƙar babu ranar da zai rasa shi. Ma'aikacin da ya san yana da sauran kwana takwas da za su ƙone a ƙarshen Disamba zai nemi hanyar ɗaukarsu, domin rasa abin da ke hannu ya fi ciwo a kan daɗin samun irinsa, kamar yadda aikin Daniel Kahneman da Amos Tversky na 1979 ya nuna. Wanda hutunsa ba adadi kuma ba wa'adi, ba shi da abin da zai rasa a takarda. Kullum sai ya ce bari a gama wannan aikin tukuna. Aiki kuwa ba ya ƙarewa.

Na biyu shi ne idon abokan aiki. Mu da muka taso a gidajen da ake cin abinci a tire ɗaya mun san wannan. Idan aka zuba wa baƙo nasa a kwano daban, zai iya cinyewa hankalinsa kwance. Idan aka sa shi cikin tiren mutanen gida aka ce "ci ka ƙoshi, nan gida ne", sai ya riƙa satar kallon hannun na kusa da shi, kuma da maigida ya tsame hannu shi ma zai tsame, ko bai ƙoshi ba. Kara ce. A ofis ma haka abin yake. A 2022 Jessica de Bloom da abokan bincikenta sun wallafa wata maƙala kan hutu mara iyaka, inda suka yi bayanin cewa tsarin yana mayar da hutu daga abin da kowa ya mallaki nasa zuwa abin da ake tarayya a kai. Duk ranar da ka ɗauka, aikinka ya hau kan wani, kuma ba za ka iya cewa "ai rabona ne" ba, domin babu rabo. Sun kuma nuna cewa ma'aikaci na iya ɗaukar tsarin a matsayin kyauta daga kamfani, sai ya ji nauyin ramawa da ƙarin aiki.

Tasirin abokan aiki a kan ɗaukar hutu abu ne da aka auna. Ƙasar Norwe ta keɓe wa iyaye maza hutun haihuwa na mako huɗu a 1993. Gordon Dahl da Katrine Løken da Magne Mogstad sun bi bayanan ƙasar, suka gano a bincikensu na 2014 cewa idan mutum ya ɗauki hutun, yiwuwar abokin aikinsa ya ɗauka idan nasa lokacin ya zo tana ƙaruwa da maki 11 cikin 100, kuma tasirin ya fi ƙarfi idan wanda ya fara babba ne a wurin. Lura fa, wannan hutu ne da doka ta bayar a rubuce, amma duk da haka mutane sai da suka jira su ga abin da zai sami wanda ya fara. Ina ga hutun da ba a rubuta adadinsa ba? Shi kansa Reed Hastings na Netflix ya sha faɗin cewa yana ɗaukar kusan mako shida a shekara kuma yana bayyanawa, domin ya san idan shugaba bai huta ba na ƙasa ba za su yi ba. Wato tsarin ya dogara ne kacokan da halin oga.

Wannan ya kai mu ga na uku, wato amincewar manaja. Babu kamfanin da ke barin ma'aikaci ya tashi ya tafi ba tare da izini ba. Lokacin da Branson ya sanar da nasa tsarin, sharaɗin da ya gindaya shi ne mutum ya tabbata ɗari bisa ɗari cewa shi da abokan aikinsa ba su da wani aiki da ya yi baya, kuma tafiyarsa ba za ta cutar da kamfani ko makomarsa shi kansa ba. Don Allah, mai karatu, yaushe rabonka da ka wayi gari ba ka da aikin da ya yi baya? Ƙarƙashin ƙayyadadden hutu, abin da manaja ke da iko a kai shi ne lokacin tafiya. Ƙarƙashin mara iyaka, yana da iko a kan lokaci da kuma yawa. Ma'aikata biyu masu matsayi ɗaya a sassa biyu na kamfani ɗaya na iya samun hutu mai nisan bambanci, ɗaya mako biyar ɗaya mako biyu, don kawai ogan wannan mai sauƙin kai ne, na wancan kuma mai tsanani. Wanda aka tauye kuma ba shi da takardar da zai nuna.

Maganar kuɗi

Ga ɓangaren da ba a cika sa shi a tallan aiki ba. A tsarin da aka saba, ma'aikaci yana tara kwanakin hutu kaɗan-kaɗan yayin da yake aiki. Akantocin kamfani suna rubuta kwanakin da ba a ci ba a matsayin bashi a littafin lissafi. A jihar Kalifoniya, inda manyan kamfanonin fasaha suke, kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci tun 1982 cewa hutun da aka tara wani ɓangare ne na ladan aiki, ba ya ƙonewa, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko korarsa aka yi ko shi ya ajiye, dole a biya shi kuɗin kwanakin. A 2015 an ƙiyasta irin wannan bashi da ke kan kamfanonin Amurka da dala biliyan 224.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce albashin mutum dala 104,000 ne a shekara, ranakun aiki 260. Kowace rana dala 400 kenan. Idan ya tara kwana 15 bai ci ba, yana bin kamfani dala 6,000. Kamfani mai ma'aikata 1,000 irinsa yana ɗauke da bashin dala miliyan 6. Da an koma hutu mara iyaka, babu tarawa, don haka babu bashi. Ranar sallama, wanda ya shekara uku bai huta sosai ba zai fita hannu rabbana ta wannan fuska, alhali a tsohon tsari wannan kuɗin ne zai riƙe shi wata ɗaya ko biyu kafin ya sami wani aikin. Microsoft ya yi adalci wajen biyan ma'aikatansa kuɗin kwanakin da suka riga suka tara lokacin sauyin, amma daga wannan rana ba wani sabon bashi da zai sake taruwa.

Ma'aikata sun gane wannan tun da wuri. A Nuwamban 2014 kamfanin Tribune Publishing, mai jaridar Los Angeles Times a lokacin, ya sanar da irin wannan tsari. Ma'aikata suka yi ca, cikin kusan mako guda aka janye. A 2020 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta duba ƙarar da wasu ma'aikatan EF Intercultural Foundation suka shigar. An ce hutunsu ba iyaka, amma ba a rubuta tsarin ba, kuma a aikace kusan mako biyu suke samu a shekara. Kotu ta ce wannan ba hutu mara iyaka ba ne, hutu ne mai iyakar da ba a faɗa ba, don haka a biya su. Abin da alƙaluma suka nuna mana a sama, shi kotu ta gani.

Me ya sa abin ya wuce maganar jin daɗi?

Domin jiki ba inji ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. A kan hutun shekara kuma, Brooks Gump da Karen Matthews sun bi maza kusan 12,000 masu haɗarin ciwon zuciya tsawon shekara tara, suka ruwaito a 2000 cewa waɗanda suka fi yawan zuwa hutu sun fi ƙarancin mutuwa. Shi ma wannan lura ce ba gwaji ba, domin mai lafiya da wadata ya fi samun damar tafiya hutu tun farko. Amma ya dace da abin da aka sani game da yadda gajiya ke taruwa.

Wani abin da ya fi shafar zancenmu shi ne, amfanin hutu ba ya daɗewa. De Bloom da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan haka a 2009, suka ga lafiya da walwalar ma'aikaci na ƙaruwa bayan hutu, amma cikin ɗan lokaci da komawa aiki sai su koma yadda suke. Hutu kamar barci yake, ba a yin na shekara a rana ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a riƙa samunsa a kai a kai. Tsarin da ke sa mutum ya yi ta ɗagewa har sai ya ga rana mai sarari ya saɓa wa wannan kai tsaye. Kuma hutun da ka tafi kana jin kamar ka yi laifi, kana leƙa imel don kada a ce ka yi yawa, rabin hutu ne.

Waɗanda abin ya fi ci su ne sabon ma'aikaci da ke son nuna kansa, da wanda ke jiran ƙarin girma, da mai juna biyu ko mai jinyar iyaye da ke tsoron a ce ta cika neman uzuri, da baƙon da takardar zamansa a ƙasar ta rataya a kan aikin. Babban jami'in da kowa ke shakkarsa zai ci moriyar tsarin sosai. Shi dama ko a tsohon tsari ba mai hana shi.

Inda masu goyon baya suke da gaskiya, da kuma gyara

Ba komai nasu ne ƙarya ba. Akwai ma'aikacin da iyalinsa ke wata nahiya, yana buƙatar mako biyar a jere, tsarin ya ba shi dama. Akwai wulaƙanci a ce babban mutum sai ya cike takarda don ya kai ɗansa asibiti na rabin yini. Kuma a wurin da shugabanni ke hutawa, aka ɗauki isassun ma'aikata, tsarin na iya tafiya lafiya. Matsalar ita ce duk waɗannan sharuɗɗa ne da ma'aikaci ba shi da iko a kansu, kuma suna iya sauyawa ranar da aka sauya masa oga.

Gyaran ba mai wuya ba ne, wasu ma sun riga sun yi. Kickstarter ya soke hutu mara iyaka a 2015 ya koma kwana 25, bayan ya lura rashin adadi na sa mutane shakkar ɗauka. Buffer ya ƙara wa nasa tsarin mafi ƙarancin mako uku a shekara. Goldman Sachs, a sanarwar da ya ba manyansa hutu mara iyaka, ya ce kowane ma'aikaci ya ɗauki aƙalla kwana 15, ciki har da mako guda a jere. Japan, inda aka daɗe ana fama da ma'aikatan da ba sa cin hutunsu, ta kafa doka daga Afrilun 2019 cewa kamfani ne ke da alhakin tabbatar da ma'aikaci ya ci aƙalla kwana biyar. Duk hanya ɗaya suka bi: a rubuta mafi ƙarancin kwanaki, a ɗora nauyin tabbatar da su a kan kamfani. Sama da wannan adadi, a bar ƙofa a buɗe ga mai buƙata. Ni a ganina a ƙara da abu biyu: a riƙa biyan kuɗin wannan mafi ƙarancin idan mutum ya bar aiki bai ci ba, sannan kamfani ya riƙa bayyana wa ma'aikata matsakaicin kwanakin da kowane sashe ya ɗauka.

Wannan magana ta shafi matasanmu da ke yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet daga Kano ko Kaduna ko Abuja. Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida na aiki kawai ta tanada bayan wata 12, kuma da yawa daga masu irin wannan aiki a matsayin 'yan kwangila ake ɗaukarsu, don haka abin da ke cikin takardar yarjejeniya shi ne madogararsu. Idan aka ce maka hutu ba iyaka, ka tambaya: bara kwana nawa mutanen sashen da zan shiga suka ɗauka? Shi manajan kwana nawa ya ɗauka? Akwai mafi ƙaranci a rubuce? Wa ke riƙe aikina idan na tafi? Idan na bar aiki, akwai abin da za a biya ni? Kamfanin da ke nufin alheri yana da waɗannan amsoshi a hannu. Idan kuwa aka fara kame-kame, ka nemi a rubuta maka adadi, ko da kwana 20 ne, kafin ka sa hannu.